Tayil ɗin Kafet: Daga Holan Zuwa Ɗakunan Ƙarƙashin Ƙasa na Amurka

Yau za mu bi tarihin wani abu da ake takawa kullum ba a kula da shi ba, wato kafet ɗin nan da ake yankawa murabba'i-murabba'i a jera shi kamar tayil.

Mu fara da Amurka. A jihohin arewacinta sanyi yana daskarar da ƙasa, don haka dole a haƙa tushen gida ya zarce inda ƙanƙara take kaiwa. To tunda an riga an haƙa rami, sai a zuba masa daɓen kankare ya zama ɗaki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane suka riƙa mayar da waɗannan ɗakuna falon zama da wurin wasan yara. A daidai lokacin masana'antun garin Dalton a jihar Jojiya suna fitar da kafet mai araha, wanda ake shimfiɗawa daga bango zuwa bango.

Sai dai fa kankare ba ya hana danshi. Yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, laimar ƙasa tana hawowa ta cikinsu a hankali. Idan ka rufe shi da ƙaton kafet da soso a ƙarƙashi, laimar ta rasa hanyar fita. Daga nan sai wari, sai funfuna, mai asma kuwa ya shiga uku. Ranar da bututu ya fashe ko ruwan sama ya kutso, kafet ɗin gaba ɗaya ake ɗagawa a zubar.

Mafitar daga Turai ta zo. A shekarun 1950 kamfanin Heuga na ƙasar Holan ya fara yin kafet gutsure-gutsure da gashin dabbobi. Girman da ya zama ruwan dare shi ne santimita 50 kowane ɓangare. Wani injiniya Ba'amurke, Ray Anderson, ya ga dabarar a Ingila, ya koma gida ya kafa kamfani a garin LaGrange na Jojiya a 1973, wanda daga baya aka sani da Interface. Ofisoshi ne suka fara rungumarsa, saboda wayoyin kwamfuta da na tarho suna bi ta ƙarƙashin daɓe. Ka ɗaga tayil ɗaya, ka gyara waya, ka mayar. A ƙarshen shekarun 1980 Interface ya saye Heuga ɗin kansa. A 2006 kuma ya fito da TacTiles, 'yan lambobin manne da ke haɗa tayil da tayil ta ƙasa, ba sai an shafa wa daɓe gam ba.

Kun ga abin da ya sa ya dace da ɗakin ƙarƙashin ƙasa? Idan ruwa ya jiƙa guda goma, goman nan kawai za ka cire ka shanya ko ka canza.

Amma kada wani ya ɗauka tayil ya kashe matsalar danshi. Shi ya sa ƙwararru suke gwada daɓe kafin su fara. Gwaji mafi sauƙi: a manna leda mai faɗin inci 18 kowane ɓangare, a toshe gefunanta da salatif, a bar ta aƙalla awa 16. In aka ɗaga aka ga raɓa ko kankaren ya yi duhu, to a dakata, a magance laimar tukuna. Sabon daɓe ma, ko ya yi kwana 28 ya ƙanƙame, bushewarsa takan ɗauki watanni.

In daɓe ya bushe, sai a cike tsagogi, a share tas, a ja layi biyu da alli su gitta a tsakiyar ɗaki, a fara jerawa daga nan zuwa bango, ana bin kibiyar da ke bayan kowane tayil. A kuma ajiye rara a kwali, don ranar da za a buƙace su tana nan tafe.

Nan za mu dasa aya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.