Daga Ramin Gafiya zuwa Akwatin Gilashi: Tarihin Gidan Ƙaramar Mesa

A cikin macizan da mutanen Amurka da Turai ke ajiyewa a gidajensu don sha'awa, kaɗan ne suka kai wata ƙaramar mesa ta Afirka ta Yamma farin jini. Tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, ba ta da dafi, kuma idan ta tsorata ba kasafai take kai sara ba; sai dai ta dunƙule kamar ƙwallo, ta cusa kanta a tsakiya. Wannan ɗabi'a ce ta sa Amurkawa suka raɗa mata sunan da ke nufin mesar ƙwallo. Turawan Ingila kan ce mata mesar sarauta, masana kuma suna kiranta Python regius. Mazauninta ya taso daga Senegal, ya ratsa Gana da Togo da Benin da Nijeriya da Kamaru da Chadi, har zuwa Uganda.

A daji, mafi yawan yininta tana yin sa ne a ramin gafiya ko na ɓera, ko a cikin tsohon suri da gara ta bari. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu da bushewar hunturu zai gane hikimar haka: a ƙarƙashin ƙasa akwai sanyi da laima a lokacin da sarari ke toya fata. Da dare take fitowa farauta. To, mutumin da ya ɗauke ta ya kai ta ɗaki a Shikago ko Hambug ya ɗora wa kansa nauyin sake gina mata wannan yanayi a cikin akwati. An shafe fiye da shekara 170 ana gwada yin hakan, kuma a mafi yawan wannan lokaci siffar akwatin ta bi buƙatar mai shi ne: da farko buƙatar mai kallo, daga baya buƙatar mai sayarwa. Sai a baya-bayan nan aka fara auna shi da buƙatar wadda ke ciki.

Inda ba a kulle ta

Kafin a yi mata akwati, an yi mata ɗaki mai ƙofa a buɗe. A garin Wida da ke gaɓar tekun Jamhuriyar Benin, mutane sun daɗe suna girmama ta da sunan Dangbe. Wani ɗan kasuwa Baholande, Willem Bosman, ya bayyana wannan al'ada a littafinsa na 1704, har ya ruwaito cewa a 1697 sarkin garin ya ba da umarnin a karkashe aladu saboda wani alade ya kashe ɗaya daga cikin macizan. Daular Dahomey ta ci Wida da yaƙi a 1727, amma al'adar ba ta mutu ba. Ɗakin mesoshin yana nan har yau, yana fuskantar babban cocin Katolika na garin, kuma idan wata ta shiga gidan mutum, akan ɗauke ta a hankali a mayar.

Haka abin yake a wasu sassan ƙasar Ibo, musamman yankin Idemili, inda kashe ta babban abin ƙi ne. Chinua Achebe ya gina wani muhimmin ɓangare na littafinsa Arrow of God na 1964 a kan wannan. Oduche, ɗan Ezeulu mai kula da gunkin Ulu, ya shiga addinin Kirista, sai ya kulle mesar a cikin akwatinsa don ta mutu da rashin iska ba tare da hannunsa ya taɓa jininta ba. Da aka ga akwatin yana motsi aka fasa shi, gari ya ɗauka. A idon mutanen Umuaro, sanya ta a akwati laifi ne da ya kusa kai kisa nauyi.

Zamanin gilashi

A Turai labarin ya fara ne daga tsiro. A 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Bagshaw Ward, ya rufe wani ƙwaro da 'yar ƙasa a cikin kwalba don ya ga ƙyanƙyasarsa. Bayan ɗan lokaci sai ya ga tsirrai sun fito a ciki, suna rayuwa ba tare da ban ruwa ba, domin danshin da ya tashi yana taruwa a jikin gilashi ya koma ƙasa. Daga nan aka ƙera akwatunan gilashi da suka ba daular Ingila damar ɗaukar tsirrai masu rai daga wata nahiya zuwa wata. Da aka soke harajin gilashi a Ingila a 1845, farashinsa ya sauka, tunanin tsare wani yanki na yanayin ƙasashe masu zafi a cikin akwati ya samu karɓuwa.

A 1849 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin dabbobi masu rarrafe. An jera macizai a bayan gilashi yadda ɗan kallo zai gan su sarai, ana ɗumama su da bututun ruwan zafi, ana kuma ba su barguna. A 1851 wani babban maciji ya haɗiye bargonsa, ya amayar da shi bayan makonni, jaridu suka samu abin dariya. Sai dai labarin ya tona yadda aka fahimci dabbar a lokacin. Bargo yana amfanar mai jini mai ɗumi ne, domin zafin jikinsa yake tsarewa. Maciji kuwa daga waje yake samun zafinsa.

An ɗan fara gane zurfin lamarin a 1862, lokacin da wata babbar mesa ta Afirka ta yi ƙwai a wannan gida ta naɗe su. Philip Sclater, sakataren ƙungiyar da ke kula da gidan, ya wallafa awon da aka yi, wanda ya nuna cewa tsakanin naɗinta ya fi jikin namijin da ke tare da ita ɗumi. Ƙwan ba su ƙyanƙyashe ba. Cikakken bayani bai zo ba sai a 1944, lokacin da Raymond Cowles da Charles Bogert suka wallafa bincikensu kan ƙadangaru da macizan hamadar kudu maso yammacin Amurka. Sun nuna cewa waɗannan dabbobi suna daidaita zafin jikinsu da kansu ta hanyar kai-kawo tsakanin rana da inuwa da rami. Ma'anar wannan ga mai gina akwati a fili take. Idan ko'ina a ciki zafinsa ɗaya ne, an ƙwace wa dabbar hanyar da take kula da lafiyarta.

Ciniki ya buɗe

Ƙaramar mesa ta zama haja ta sosai ne daga shekarun 1970, da jiragen sama suka sauƙaƙa jigilar dabbobi masu rai. Yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973 ta fara aiki a 1975, ta sanya ta a rukuni na biyu: ana iya sayar da ita, amma da takardar izini. Tun daga lokacin an fitar da fiye da miliyan uku daga Afirka ta Yamma, galibi daga Togo da Benin da Gana, kuma Amurka ce babbar mai saye.

A farko manya ake kamowa daga daji. Sukan isa da kaska da tsutsar ciki, a saka su a tankin gilashi irin na kifi mai murfin waya, a ɗora musu ƙwan fitila. Murfin wayar yana barin laima ta tsere, fitila tana ƙara busar da iska, gilashi ta kowane gefe kuma yana hana dabbar da ta saba da duhun rami samun natsuwa. Da yawa sukan ƙi cin abinci na watanni, har aka yi mata shaidar taurin kai. Wasu kuma sun ƙone a kan duwatsun lantarki da ake sayarwa don ɗumama su, domin maciji kan kwanta a kan abu mai zafi har fatarsa ta toye bai janye ba.

Daga baya cinikin ya sauya salo. Mafarauta a kudancin Togo da Benin sukan haƙo mata masu ciki ko ƙwansu daga ramuka da surai a farkon shekara. Uwa takan yi ƙwai kamar 3 zuwa 11, waɗanda ke ƙyanƙyashewa cikin kusan wata biyu. Gonakin macizai da ke kewayen Lome sukan sayi 'ya'yan su tura waje, bisa sharaɗin za a mayar da iyayen da wani kaso na 'ya'yan daji. Ƙananan sun fi manya saurin sabawa da tsare, sai kasuwa ta ƙara faɗi.

Launi da durowa

A 1992 wani mai kiwon macizai a Oklahoma, Bob Clark, ya samar da zabiyar ƙaramar mesa ta farko da aka haifa a tsare, daga wadda aka kamo a Afirka. A 1997 Peter Kahl ya tabbatar da cewa launin nan mai dabbare-dabbaren fari shi ma gadonsa ake yi. Daga nan aka shiga tseren haɗa iri. Maciji ɗaya mai sabon launi ya kai dubban daloli, kuma yau launuka da zane-zanen da aka haɗa sun kai dubbai.

Mai kiwon da ke da macizai ɗari biyar ba shi da wurin tankuna ɗari biyar. Mafitar da aka samu ita ce kanta mai hawa-hawa da aka jera wa robobi masu zamewa kamar durowa, kowace tsayinta kimanin santimita 15, da zirin lantarki mai ɗumi a ƙarƙashin gefe guda, da takarda a shimfiɗe, da kwanon ruwa. Dole a yi wa wannan tsari adalci, domin ya gyara kurakuran tankin gilashi. Roba tana riƙe laima, tana da duhu, tana da matsi irin na rami. Macizai suka ci abinci, suka yi saɓa lafiya, suka hayayyafa. Masu kiwo suka kafa hujja da cewa dabbar rami ce, an kuwa ba ta rami.

Son launi ya zo da nasa lahani. Wani iri mai zane kamar saƙar gizo-gizo yana tafe da larurar jijiya da ke sa kan macijin karkarwa da juyawa, har wata babbar ƙungiyar masu kiwon dabbobi masu rarrafe ta Ingila ta hana sayar da shi a bajekolinta a 2018.

Abin da durowa ta manta

Hujjar rami rabin gaskiya ce, domin mesar tana fita daga ramin. A 1998 Luca Luiselli da Francesco Angelici sun wallafa binciken da suka yi a kudu maso gabashin Nijeriya, inda suka gano cewa mazan sun fi cin tsuntsaye, matan kuma sun fi cin dangin ɓera, kuma mazan sun fi hawa bishiya. Dabbar da ke hawa bishiya ta kama tsuntsu ba za a ce rufin santimita 15 ya ishe ta ba. A 2021 wasu masu bincike a Munik ta Jamus sun gwada mesoshi 35 a durowa, sannan a akwatuna masu faɗi da aka ƙawata. A akwatunan sun ga suna hawa, suna shiga ruwa, suna shan ɗumin fitila, suna tona ƙasa. A durowa kuwa an fi ganinsu suna tura baki a jikin bango.

Tsarin da masu kula da walwalar dabbobi suka fi ba da shawara a yau ya tattara darussan duk waɗannan zamuna. Ga babbar mesa, akwati ya kai kimanin santimita 120 a tsawo, 60 a faɗi, 60 a tsayi, don ta iya miƙewa, kuma gefunansa su kasance a rufe in ban da gaba. Gefe ɗaya ya yi ɗumin digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Salsiyas, ɗayan ya tsaya wajen 24 zuwa 26, kuma duk abin da ke ba da zafi a haɗa shi da na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima. A sa maɓoya biyu masu matsi, ɗaya a kowane gefe, don kada ta zaɓi tsakanin ɗumi da kwanciyar hankali. Laima ta kasance wajen kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari, a ƙara ta lokacin saɓa, da shimfiɗa mai riƙe danshi kamar ɓawon kwakwa. A ƙara da reshe mai ƙwari na hawa, da kwanon da za ta iya shiga, da ƙofa mai makulli, domin gwana ce wajen gano kafar tserewa.

Dalilin da ya sa wannan ya wuce maganar ado shi ne tsawon ranta. A tsare takan yi shekara 20 zuwa 30. A 2020 wata da aka ƙiyasta shekarunta 62 ta yi ƙwai bakwai a gidan namun daji na St. Louis. Wanda ya saya wa ɗansa 'yar mesa a yau, mai yiwuwa jikansa ya tarar da ita, kuma duk kuskuren da aka yi a akwatin, da shi za ta rayu tsawon waɗannan shekaru.

A can inda aka ɗauko ta ma tsugune ba ta ƙare ba. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya ji ta bakin mafarautan kudancin Togo, yawancinsu suka ce mesoshin sun ragu idan aka kwatanta da shekaru biyar da suka gabata. A 2021 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke cikin haɗari ta sanya ta a jerin waɗanda ke dab da shiga barazana, saboda kamu don fitarwa waje, da cinta, da amfani da ita a maganin gargajiya, da faɗaɗar gonaki. Ko da yake masu kiwo a Amurka da Turai suna samar da ɗimbin 'ya'ya duk shekara, jirage ba su daina ɗaukar sababbi daga Lome da Kwatano da Akara ba, domin na daji sun fi araha, kuma a cikinsu ake sa ran tsintar launin da ba a taɓa gani ba. Ma'aunan zafi da laima da ake liƙawa a jikin akwatunan zamani duk kwaikwayo ne na ramin gafiya da tsohon suri, waɗanda mafarauci kan farfasa da fartanya kafin ya kai ga uwar da ƙwanta.