Asalin Na'urorin da Ke Auna Ƙanƙarar Teku

Tun da na'urar nan mai suna Ran, ta wata jami'ar ƙasar Suwidin, ta nutsa ƙarƙashin ƙanƙarar Antatika a farkon shekarar 2024 ba ta sake ɓullowa ba, tsohuwar mas'ala ta dawo sabuwa, wato ko ya halatta a riƙa tura dukiya mai yawa inda ba hannun da zai iya ceto ta. To, kafin mutum ya yanke hukunci, ya kamata ya san dalilin da ya haifi waɗannan na'urori.

A zamanin da, abin da aka sani game da ƙanƙarar ƙuryar arewa bai wuce labarin mafarauta da matuƙan jiragen ruwa ba, sai a 1893 Nansen ɗan ƙasar Norwe ya bar jirginsa Fram ya daskare da gangan, ƙanƙara ta yi ta jan sa har shekara uku, sa'an nan a 1937 Rasha ta sauke Papanin da mutum uku a kan wani falalen ƙanƙara, suka zauna wata tara suna aune-aune.

Galibin masu bahasi sukan ce tsoron halakar rayuka ne ya sa aka koma ga na'ura, wasu kuma su ce arahar kwamfuta ce. Ni dai hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce batun kauri. Taurarin ɗan'adam, tun daga ƙarshen 1978, suna nuna faɗin ƙanƙara ba yankewa, amma kusan kashi tara cikin goma na jikinta yana cikin ruwa, inda idonsu ba ya kaiwa. Waɗanda suka fara ganin cikinta daga ƙasa sojoji ne, tun lokacin da jirgin yaƙin Amurka mai nutso, Nautilus, ya ratsa ƙarƙashin ƙuryar arewa a watan Agusta na 1958 yana auna ta da amsa-kuwwa, sai dai an daɗe ana ɓoye wannan ilmi a matsayin asirin soja. Da aka saki wani sashe nasa, wani masani mai suna Rothrock da abokan aikinsa suka bayyana a 1999 cewa abin da ke nutse na ƙanƙarar ya ragu daga kimanin mita 3.1 zuwa 1.8. Ilmin da sai soja ya ga dama zai bayar ba abin dogaro ba ne ga malami, kuma a ganina wannan ƙunci ne ya tilasta wa masana ƙera nasu kayan aikin.

Jami'ar Washintan ta gwada ƙaramin jirgi marar matuƙi a ƙarƙashin ƙanƙara tun 1972, ta kuma fara dasa na'urori masu bin ƙanƙara duk inda ta nufa a 1979. Wadda ta fi burge ni ita ce ta cibiyar Woods Hole, da aka fara kafawa a 2004: a huda ƙanƙara, a zura waya mai tsawon kusan mita 800, a bar wani ɗan inji yana hawa da sauka a jikinta yana auna zafin ruwa da gishirinsa, yana aika sakamako ta tauraron ɗan'adam, har a cikin watannin hunturu da rana ba ta fitowa sam.

Na'urori masu yawo da kansu a ƙarƙashin ruwa su ne suka fi shan wuya, domin saƙon tauraro ba ya ratsa ruwa, kuma in matsala ta auku ba damar tasowa, rufi ne a samansu. Haka Ingila ta rasa na'urarta Autosub 2 a ƙarƙashin ƙanƙarar Fimbul da ke Antatika a 2005. Duk da haka, a 2014 aka bayyana taswirar da na'urar SeaBED ta zana ta cikin ƙanƙarar tekun Antatika, inda ta tarar da wuraren da kaurinsu ya kai mita 16, alhali masu hudawa da hannu da masu leƙe daga jirgi sun daɗe suna zaton ba ta kai haka ba, saboda jirgi kan kauce wa mai kauri ne ya bi ta siririya. Ko tauraron CryoSat-2, da Turai ta harba a 2010 musamman don auna kauri, tudun da ke bisa ruwa kaɗai yake gani, dusar ƙanƙara kuma takan rikita masa lissafi, don haka har yau da awon da aka ɗauko daga wurin ake tabbatar da ingancin nasa.