Ina Ɗanyun Bayanan Suke? Jami'a da Amanar Abin da Aka Tattaro

Thomas Herndon yana ɗalibin digiri na uku a fannin tattalin arziki a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, a Amurka, aka ba ajinsu aikin gida: kowa ya zaɓi wani fitaccen bincike ya sake lissafinsa. Ya zaɓi maƙalar da farfesoshi biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar a 2010, wadda ta ce idan bashin da ake bin ƙasa ya haura kashi 90 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara, bunƙasarta kan durƙushe. 'Yan siyasa a Amurka da Turai sun riƙa kafa hujja da wannan maƙala wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. Herndon ya yi ta lissafi, alƙaluma suka ƙi fitowa yadda aka buga su. Da abin ya ishe shi, sai ya roƙi marubutan su turo masa ainihin jadawalinsu na Excel, suka kuwa turo.

Nan aka ga inda gizo ke saƙar. Cikin ƙasashe 20 da ke jadawalin, lissafin matsakaici ya tsallake biyar: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. A 2013 Herndon da malamansa biyu, Michael Ash da Robert Pollin, suka nuna cewa idan aka gyara wannan kuskure da wasu matsalolin tsarin lissafi, bunƙasar ƙasashe masu tarin bashi ba ta faɗi ƙasa da sifiri ba kamar yadda aka ce, kashi 2.2 ce cikin ɗari. Reinhart da Rogoff sun amsa kuskuren jadawalin, amma sun yi jayayya kan sauran sukar.

Yawanci ana ba da wannan labari ne don a nuna cewa manya ma kan yi tuntuɓe. Abin da ya fi cancantar a lura da shi wani ne daban: jadawalin yana nan, kuma masu shi sun yarda sun miƙa shi. Wannan sa'a ce, ba tsari ba. Matsayin wannan rubutu namu shi ne, muddin tsira da bayanan bincike ya dogara ga kirkin malami ɗaya da lafiyar kwamfutarsa, to jami'a ba ta sauke nauyin da ke kanta ba.

Akwai hujjar da ke nuna yadda sa'ar ke ƙarewa. Timothy Vines da abokan aikinsa sun bi sawun maƙaloli 516 na fannin nazarin halittu da aka buga tsakanin 1991 da 2011, suka rubuta wa marubutan suna neman ɗanyun bayanansu. Sakamakon da suka buga a mujallar Current Biology ya nuna cewa damar samun bayanan na raguwa da kusan kashi 17 cikin ɗari duk shekara bayan bugawa. Dalilan ba na mugunta ba ne. Adireshin imel ya mutu bayan malami ya sauya wurin aiki, bayanan na cikin wani tsohon faifai da babu na'urar karanta shi yanzu, ko kuwa sun ɓata kawai. Maƙalar tana nan ana ta ambatonta, amma tushen da ta tsaya a kai ya zaizaye.

Gobara ma na da nata rabon. A watan Afrilun 2021 wuta ta cinye zauren karatu na laburaren Jagger a Jami'ar Kef Tawun, tare da wani ɓangare mai yawa na tarin littattafai da finafinan nazarin Afirka. Abin da aka riga aka ɗauki hotonsa aka ajiye a wani wurin ya tsira, abin da wutar ta ci alhali kwafinsa ɗaya ne tal kuwa sai dai labari.

Masu ba da kuɗin bincike sun daina jiran ganin damar malamai. A 2016 wani rukunin masana ya fitar da ƙa'idojin da aka sani da FAIR, waɗanda ke cewa bayanai su kasance ana iya gano inda suke, ana iya isa gare su, na'urori daban-daban na iya karanta su, wani kuma na iya sake amfani da su. Tun daga Janairun 2023, hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta wajabta wa mai neman tallafinta ya haɗo da tsarin yadda zai adana bayanansa ya kuma raba su. Rumbunan ajiya ma ba su yi wuya ba: Zenodo, wanda cibiyar CERN ke gudanarwa tun 2013, kyauta ne, kuma yana ba kowane tarin bayanai lambar shaida ta dindindin da za a iya ambata kamar yadda ake ambatar littafi.

Sai dai jibga fayil a intanet ba shi ne rabawa ba. Jadawalin da kan ginshiƙansa ke ɗauke da haruffan da mai shi kaɗai ya san ma'anarsu, ba bayanin ranar da aka auna, ba ma'aunin da aka yi amfani da shi, ba a faɗi abin da gurbin da aka bari fayau ke nufi ba, to da shi da babu duk ɗaya. Shafi guda na bayani da ake rubutawa tun ana cikin aiki ya fi rumbu mai tsada amfani, kuma shi ne abin da aka fi sakaci da shi, domin babu kwamitin ƙarin girma da ke ƙirga shi.

Masu ɗari-ɗari da buɗe bayanai kuma ba duka ne 'yan rowa ba, kuma kamata ya yi a saurare su. A 1990 masu bincike daga Jami'ar Jihar Arizona suka fara ɗibar jinin mutanen ƙabilar Havasupai, mazauna kwazazzabon Grand Canyon, waɗanda suka fahimci cewa ciwon sukarin da ya addabe su za a bincika. Daga baya suka gano an yi amfani da jinin wajen nazarin taɓin hankali, auren zumunci, da asalin ƙaurarsu daga Asiya, abin da ya ci karo da tarihin da suka gada game da mafarinsu. Jami'ar ta yi sulhu a 2010, ta biya dala 700,000 ta kuma mayar da jinin. A nan sake amfani da bayanai, wanda ake yabo a wani wurin, shi ne laifin.

Akwai kuma darasin Nuwambar 2021. Masana a Botsuwana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in cutar korona da aka raɗa wa suna Omicron, suka sanar da duniya ba tare da ɓata lokaci ba, suka saka bayanan ƙwayar a rumbun GISAID. Tukuicinsu shi ne rufe musu ƙofar tafiye-tafiye cikin 'yan kwanaki, kuma a farkon Disamba Birtaniya ta ƙara da Najeriya a jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa. Malamin da ya shafe shekaru yana tattara bayanai da ƙaramin tallafi, yana fama da ɗaukewar wuta, yana da dalilin fargabar cewa wata cibiya mai manyan na'urori a ƙetare za ta riga shi fitar da maƙala daga guminsa. Maganin wannan ba ɓoyewa ba ce. Wa'adin da mai tattarawa zai fara cin gajiyar aikinsa kafin a buɗe, tilasta ambatar sunansa, da matakan izini ga bayanan da suka shafi mutane, duk abubuwa ne da hukumar jami'a ke iya rubutawa ta kuma tsaya a kansu, alhali malami shi kaɗai ba zai iya ba. A Najeriya ma doka ta shigo ciki, tunda Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora sharuɗɗa kan mai riƙe da bayanan mutane, kuma jami'a na cikin masu riƙewa.

Wanda ya san yadda ake kammala digiri na biyu ko na uku a yawancin jami'o'in Najeriya ya san inda giɓin yake. Ɗalibi kan miƙa kundinsa an yi masa bango mai kauri da rubutun ruwan zinare, a sa hannu, a kai laburare. Takardun tambayoyin da ya raba, jadawalin da ya yi lissafi da shi, da muryoyin da ya naɗa, duk su bi shi gida cikin filas ko waya. A sassan nazarin harsuna da tarihi asarar ta fi ciwo. Hirar sa'o'i uku da tsohon maƙeri ko dattijuwar da ta san waƙoƙin niƙa kan koma layi goma a babi na huɗu, sauran kuma ya tafi ranar da wayar ta faɗa ruwa. Gwajin ɗakin kimiyya ana iya maimaita shi, amma dattijuwar ba lallai a sake samunta ba.

Gyaran farko bai buƙatar kasafin miliyoyi. Makarantar karatun gaba da digiri na iya cewa ba za a karɓi kundi ba sai da jakar bayanansa, shafin da ke fayyace su, da takardun amincewar waɗanda aka zanta da su, waɗanda a ciki aka tambaye su tun farko ko sun yarda wani ya saurari muryarsu nan gaba. Laburare ya ajiye kwafi biyu a gine-gine daban-daban, na uku a rumbun waje. Mai jarrabawa na waje kuma a aika masa da jadawalin tare da kundin, makonni kafin ranar kare aiki, domin ya samu lokacin buɗe shi ya ƙirga layukan da lissafin ya ɗauka.