Yadda ake tantance shafin intanet kafin binciken tarihi

Ɗalibin lise da aka ba aikin bincike kan Sarauniya Mangu yakan fara ne da salula. Abin da shafuka da manhajojin karatu ke kawo masa sau da yawa gauraye ne. Yaƙin Lugu da rundunar Voulet da Chanoine ya faru a 1899, amma bayanai da dama da ke yawo game da Sarauniya sun fito ne daga ƙagaggen labarin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986.

Tambayoyi uku ke raba aya da tsakuwa. Ta farko: wa ya rubuta? Shafin da ba sunan marubuci ko na wata cibiya abin shakka ne. Ta biyu: daga ina ya samo labarin? Wikipedia kowa na iya gyara ta, don haka amfaninta shi ne littattafan da ta ambata a ƙasan shafi. Ta uku: da wace manufa aka rubuta? Gallica, laburaren intanet na ƙasar Faransa, na ɗauke da tsofaffin takardun zamanin mulkin mallaka kyauta, sai dai da idon mai mamaya aka rubuta da yawansu.

Saboda haka ake gwada su da tarihin baka, irin wanda cibiyoyin IRSH da CELHTO ke adanawa a Yamai, da kuma Tarihin Afirka na UNESCO. Kwanan watan da shafi ɗaya kaɗai ya ambata, kada ya shiga takardar ɗalibi sai an same shi a wata majiyar.