Tsohon Mai Zane da Kayansa: Ƙaurar Henri Matisse Tsakanin Nice da Vence, 1943 zuwa 1949

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin aikin yau da kullum na Henri Matisse, mai zanen nan na Faransa da aka haifa a 1869 ya rasu a 1954, a shekarun da ya tashi daga gida har sau biyu yana tsoho kuma marar lafiya. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tashe shi daga Nice zuwa Vence a 1943, aiki kuma ya mayar da shi Nice a 1949. Ta hanyar duba hotunan ɗakunan aikinsa da wasiƙunsa da aka buga da kuma ayyukan kansu, maƙalar ta nuna cewa gida a wurin Matisse kayan aiki ne: abin da ya ɗaure ya tafi da shi, da faɗin bangon da ya tarar, su suka tsara irin zanen da ya yi a ƙarshen rayuwarsa.

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin zane sukan ambaci ƙaurar Matisse ta 1943 a layi ɗaya, su wuce da sauri zuwa ga littafinsa Jazz. Wannan gaggawa tana ɓoye abu mai muhimmanci. Mutumin da ake magana a kansa yana da shekara 73. A watan Janairun 1941 an yi masa tiyatar sankarar hanji a birnin Lyon, ya sha fama da matsalolin da suka biyo baya har ma'aikatan jinyar asibitin suka riƙa kiransa wanda ya tashi daga matattu. Kafin tiyatar ya roƙi likitoci su nema masa shekara uku ko huɗu ya ƙarasa aikinsa, sai ga shi ya samu kusan 14. Amma tsokar cikinsa ta lalace, sai da ɗamarar ƙarfe yake iya miƙewa, shi ma na ɗan lokaci. Yawancin yininsa a kan gado ne ko a kujera.

Irin wannan mutum idan aka ce masa ya tashi daga gida, ba ɗaukar jaka kawai ake nufi ba. Duniyarsa gaba ɗaya ta koma cikin ɗakuna ƙalilan, kuma duk abin da yake zanawa yana cikin waɗannan ɗakunan.

Yini guda a Régina

Tun 1938 Matisse yake zaune a ginin Régina da ke unguwar Cimiez, a kan tudun da ke kallon Nice. Tsohon otal ne da aka gina a ƙarshen ƙarni na 19, wanda Sarauniya Victoria ta Ingila ta riƙa sauka a cikinsa, daga baya aka yanka shi gidaje aka sayar. Ɗakunan masu faɗi ne, rufinsu da tsawo, tagoginsu manya.

Tsarin yininsa bai cika sauyawa ba. A hirar da ya yi da marubuci Francis Carco a 1941, ya bayyana cewa yana aiki daga ƙarfe tara na safe zuwa sha biyun rana, ya ci abinci, ya ɗan kwanta, ya koma da ƙarfe biyu har yamma. Lahadi ma ba ya ɗaga ƙafa, har yakan ƙara wa masu zama ya zana su kuɗi don su yarda su zo a ranar hutunsu. Bayan tiyata, da tsayuwa gaban kyallen zane ta gagara, sai ya koma ga fensir da gawayi da alƙalami, yana aiki a kan wani ɗan teburi da ake gittawa a kan gadonsa. Tsakanin 1941 da 1942 ya yi jerin zane-zanen da aka buga a 1943 da suna Thèmes et variations, guda 158, tare da gabatarwar marubuci Louis Aragon. Dabarar tasa a nan ita ce ya daɗe yana nazarin fuska ɗaya ko tulun furanni ɗaya da gawayi, yana gogewa yana sakewa, har sai hannunsa ya haddace abin. Daga nan sai ya ɗauki alƙalami ya yi ta zana shi a jere, kowanne da layi ɗaya, babu gyara. Yakan sa a manna su a bango sahu-sahu don ya riƙa kallonsu daga inda yake kwance.

Barci ya kasance yana yi masa wuya, shi ya sa ake ɗaukar masa mai jinyar dare. Ɗaya daga cikinsu, Monique Bourgeois, ɗalibar aikin jinya da ta zo a 1942, za ta sake ɓullowa a wannan labari.

Gidan kuma cike yake. Akwai shuke-shuke manya a tukwane, akwai kyanwoyi, akwai ɗakin tsuntsaye da a wani lokaci yawansu ya kai kusan 300. Ga yadudduka da tuluna da kujeru da ya shafe shekara arba'in yana tarawa.

Abin da aka ɗaure

Sojojin Italiya sun mamaye Nice a watan Nuwamban 1942. Da aka shiga 1943, fargabar ruwan bama-bamai a garuruwan gaɓar teku ta yi ƙarfi, ga raɗe-raɗin cewa za a kwashe mazauna birnin. Matisse mutum ne da ya ƙi barin ƙasarsa a 1940 alhali yana da takardar izinin shiga Brazil a hannu, kuma ɗansa Pierre yana harkar sayar da zane a New York. Wannan karon ma bai yi nisa ba. An samo masa hayar wani gida mai suna Villa Le Rêve a bakin garin Vence, tafiyar kilomita kusan 20 cikin tuddai, kuma ya tare a tsakiyar shekarar. Tsoron bai zama na banza ba, domin a ranar 26 ga Mayun 1944 jiragen Amurka sun yi wa Nice luguden wuta, mutane ɗaruruwa suka mutu.

Villa Le Rêve ƙaramin gida ne idan aka gwada shi da Régina, don haka dole a zaɓa. Hotunan da aka ɗauka a can su ne shaidar abin da aka zaɓa ɗin. Henri Cartier-Bresson ya ɗauke shi hoto a 1944 yana zaune cikin mayafi, ya riƙe farar tantabara a hannun hagu yana zana ta da na dama, wasu tantabarun suna kan keji a gefensa. A 1946 Hélène Adant ta ɗauki hoton tulunansa da butocinsa jere a layi, wanda Matisse ya aika wa Aragon tare da bayanin cewa waɗannan ne abubuwan da suka yi masa hidima kusan duk rayuwarsa.

A cikin kayan akwai butar azurfa ta dafa cakulan, wadda abokinsa Albert Marquet ya ba shi gudummawar aure a 1898. Akwai wata butar kuza mai murɗaɗɗen jiki da ta fito a zanensa tun shekaru masu yawa. Akwai kujerar nan ta Venice mai lanƙwasassun hannuwa, wadda ya gano a shagon kayan da a 1942, ya rubuta wa Aragon cike da murna cewa ya samu abin da ya daɗe yana nema. Sai a 1946, a Vence, ya zana ta ta cika kyallen zane daga gefe zuwa gefe. Shekara huɗu ke nan yana zaune da ita yana kallonta kafin ya yi mata wannan zanen. Maƙeri ba ya ƙaura ya bar uwar maƙera a baya, haka Matisse da waɗannan tarkace, waɗanda a kasuwa da yawansu ba su da wata daraja. Shi kansa yana ɗaukarsu tamkar 'yan wasan kwaikwayo, buta guda tana iya fitowa a zane goma, kowanne da rawar da take takawa.

Yadudduka kuwa sun cancanci a tsaya a kansu. Ya rataye labulayen Arewacin Afirka masu huje-huje a tagogi, suna tace hasken rana kafin ya shigo. A bango ya manna saƙar mutanen Kuba na ƙasar Kwango, wadda maza ke saƙawa da zaren tukurwa, mata su yi mata ado da siffofin da ke maimaituwa amma ba sa taɓa komawa daidai yadda suka fara. Yana da kuma wani labule na masu ɗinkin tanti na birnin Alƙahira, irin wanda ake yanka yadi mai launi a ɗinka a kan wani yadin. Wannan labulen ya zana shi a 1948, da bishiyar dabino tana leƙowa ta taga, zanen da yanzu yake gidan adana zane na Phillips a Washington. Manazarta da dama sun ga alaƙa tsakanin waɗannan yadudduka da yankan takarda da Matisse ya shahara da shi daga baya. Bai kamata a ce daga nan kaɗai dabarar ta fito ba, tunda ya yi amfani da yankakkiyar takarda tun 1931 lokacin da yake tsara babban zanen bango na gidauniyar Barnes a Amurka. Amma mutumin da ya kwana ya tashi shekara da shekaru yana fuskantar aikin matan Kuba da madinkan Alƙahira, sannan ya ɗauki almakashi ya fara yanka launi, akwai bashin waɗannan masu sana'a a kansa, ko da ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba.

Hannun da ya ɗaure kayan

Matisse bai ɗaga akwati ko ɗaya ba. Wadda ta ɗauki nauyin gidan ita ce Lydia Delectorskaya, 'yar Rasha haifaffiyar Tomsk da ta fara yi masa aiki a 1932. Bayan rabuwarsa da matarsa Amélie a 1939, komai ya koma hannunta: wasiƙu, likitoci, masu jinya, neman abinci da fenti a lokacin da yaƙi ya sa komai ya yi wuya. Ita ke goge zanen da bai gamsu da shi ba da yamma don ya tarar da kyallen a shirye da safe.

A Vence aikin ya ɗauki sabon fasali, kuma ya ƙara dogara da hannun wasu. Mataimaka suna shafa wa manyan takardu fentin ruwa mai kauri, launi ɗaya kowace, a shanya su su bushe. Matisse ya zaɓi wadda yake so, ya yanka da dogon almakashi irin na tela, ba tare da ya fara zana layi ba, yana juya takardar da ɗaya hannun. Sai mataimakiya ta ɗauki yankan ta kafa shi da fil a allo ko a bango inda ya nuna, ta cire, ta matsar, ta sake kafawa. Masu gyaran tsofaffin zane sun tarar da ramukan fil barkatai a jikin takardun, alamar yawan wannan kai da kawowa. Da haka aka yi hotuna 20 na Jazz, yawancinsu tsakanin 1943 da 1944, waɗanda mawallafi Tériade ya buga a 1947. Da littafin ya fito, Matisse bai ji daɗinsa sosai ba, don a ganinsa bugun ya shafe kaifin bakin almakashin.

Launukan Jazz masu walwala ne, amma a cikin tashin hankali aka yanka su. A 1944 'yan sandan asirin Jamus suka kama 'yarsa Marguerite saboda aikinta da masu gwagwarmayar 'yantar da ƙasa, suka azabtar da ita, aka kuma ɗaure Amélie wata shida. Marguerite ta tsira daga jirgin ƙasan da ke kai fursunoni Jamus, ta zo Vence a farkon 1945 ta ba mahaifinta labarin abin da ya same ta.

Komawa Nice

Daura da Villa Le Rêve akwai gidan jinya na mata 'yan zuhudu na ɗariƙar Dominika. Monique Bourgeois, mai jinyarsa ta da, ta shiga wannan ɗariƙa ta zama Sista Jacques-Marie, kuma ta hannunta ne maganar gina musu ƙaramar majami'a ta iso ga Matisse a 1947. Ya karɓi aikin gaba ɗaya, tun daga tagogi da zanen bango har rigunan firistoci.

Nan ne gidan Vence ya kasa. Majami'ar tana da tsawon kusan mita 15, faɗin mita 6, kuma hoton Waliyyi Dominik da za a yi a kan farin tayil ya haura mita huɗu. Matisse ba ya yarda ya zana abu ƙarami a faɗaɗa masa, yana son ya gan shi da ainihin girmansa. Saboda haka a farkon 1949, yana da shekara 79, aka sake ɗaure kaya aka koma Régina, inda manyan ɗakunan suka yi kusan daidai da girman majami'ar. Aka lulluɓe bango da takarda. Ya ɗaura gawayi a bakin doguwar gora yana zana da ita daga kujera ko daga gado, aikin da ke buƙatar ƙarfin kafaɗa da tsayayyen hannu, domin ɗan karkarwa a wuyan hannu yana zama babbar karkata a ƙarshen gorar. Tagogin kuma da yankakkiyar takarda ya tsara su, ruwan ɗorawa da kore da shuɗi, kafin Paul Bony ya mayar da su gilashi. An keɓe majami'ar ranar 25 ga Yunin 1951, rashin lafiya ya hana shi halarta, Pierre ya wakilce shi.

Faɗin bangon Régina ya ci gaba da aiki bayan an gama majami'ar. Yankan takardar da a Jazz bai wuce shafin littafi ba ya bazu ya cinye ɗakuna. A 1952 ya fita da Lydia zuwa wani wurin iyo a Cannes, zafi ya kore shi gida, sai ya sa ta kewaye ɗakin cin abincinsa da farar takarda daidai saman kai, ya yi ta yanka masu iyo da igiyar ruwa da shuɗiyar takarda ana kafawa. Aikin ya zauna a bangon har rasuwarsa ranar 3 ga Nuwamban 1954. Daga baya aka sauke shi aka manna a kan yadi, gidan adana zane na MoMA a New York ya saye shi a 1975, kuma da aka gama gyaransa aka nuna shi a 2014, sai da aka gina masa ɗaki bisa awon ɗakin cin abincin na Régina.