Waƙar Wa Ce Wannan? Tarihin Sunan Mawaƙi Daga Rediyo Zuwa Kwamfuta

Yau tambayar ƙarama ce: in waƙa na tashi, ta yaya kake sanin mai ita?

Da can makaɗi shi ke sa wa kansa hatimi. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa da ya rasu a 1999, yakan ambaci sunansa da na wanda yake wa waƙar a tsakiyar kiɗa. Da rediyo ya shigo, mai gabatarwa ya karɓi aikin. Iyayenmu a Batsari da Safana sun san mawaƙa da yawa ne daga bakin ma'aikatan Rediyon Kaduna. Zamanin kaset kuwa, biro ne: mai shago ya rubuta suna a jikin kaset, in ya yi kuskure, kuskuren ya zaga gari.

A 1996 wani mai suna Eric Kemp ya ƙirƙiro ID3, ɗan gurbi a ƙarshen fayil ɗin MP3 da ke ɗauke da sunan waƙa da na mawaƙi, kowanne harafi 30 kacal. Winamp da ya fito a 1997 yana karanta gurbin ya nuna a allo. Har yau masu Linux na rubuta 'yan layukan umarni, manhaja irin su Conky ta riƙa nuna musu waƙar da ke tashi a fuskar kwamfuta. Amma fa abin da aka rubuta a gurbin shi za ta nuna, ba ta duba.

To mu nan ne gizo ke saƙa. Waƙoƙinmu ta shagon masu turi suka bi, daga memori zuwa Bluetooth zuwa Xender. Sai ka ga lambar wayar mai shago a gurbin sunan mawaƙi.

Ku tuna Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Batsari da Safana. Shazam bai da amfani a lokacin. Abin da ke cikin memorinka shi ne naka. Waƙar da ba suna, in dattijon da ya san muryar ya rasu, ta zama marainiya.

Don haka yau ka buɗe tsofaffin waƙoƙin wayarka, ka kunna wa Baba ko Inna, ka tambayi mai waƙar, ka gyara sunan kafin ka tura wa wani.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya zaunar mana da yankinmu lafiya.