Bath, Garin Ruwan Zafi na Ƙasar Ingila

Bath gari ne a gundumar Somerset, kudu maso yammacin Ingila, kimanin kilomita 156 yamma da Landan. Yana cikin kwarin kogin Avon, tuddai sun yi masa ƙawanya. Tushen garin maɓuɓɓugai uku ne na ruwan zafi, babbar cikinsu tana fitar da fiye da lita miliyan ɗaya kullum, da zafin da ya kai digiri 46.

Asalin ruwan na sama ne. Yana sauka a tuddan Mendip da ke kudu, ya tsatsa cikin dutsen farar ƙasa zuwa zurfin mita 2,700 ko fiye, ya ɗauki zafin ƙarƙashin ƙasa, sannan ya biyo wata tsaga ya ɓullo a tsakiyar gari. Tafiya ce ta dubban shekaru.

Romawa suka fara raya wurin, tsakanin shekara ta 60 da ta 70 miladiyya. Sun gina ɗakin bauta da wuraren wanka, suka sa wa garin suna Aquae Sulis, don gunkiyar da mutanen ƙasar ke bauta wa a maɓuɓɓugar. Masu tonon tarihi sun tsamo tsabar kuɗi fiye da 12,000 daga cikin ruwan, da ƙananan allunan darma kusan 130 masu ɗauke da tsinuwa. Yawancinsu ƙarar ɓarayi ce: mutum ya tuɓe ya shiga wanka, ya fito ba riga, sai ya rubuta kukansa a darma, ya naɗe, ya jefa wa gunkiya ta bi masa hakkinsa. Ashe ɓarawon bakin wanka ya daɗe a duniya.

Da Romawa suka bar ƙasar a farkon ƙarni na 5, gine-ginen suka rushe, laka ta binne su. Garin dai bai mutu ba, don a nan aka naɗa Sarki Edgar a 973.

Ƙarni na 18 ne lokacin da tauraron Bath ya haska. Bayan ziyarar Sarauniya Anne a 1702, masu hannu da shuni suka yi ta tururuwa, wai neman lafiya, alhali caca da rawa da neman aure sun fi cin lokacinsu. Beau Nash ya zama mai tsara shagulgulan gari. Ralph Allen ya haƙo dutse mai launin zuma a Combe Down, John Wood da ɗansa suka yi gini da shi, har da Royal Crescent, jerin gidaje 30 da aka lanƙwasa kamar jinjirin wata, wanda aka gama a 1774. Talakawa marasa lafiya kuwa asibitin ruwan da aka buɗe a 1742 suke zuwa, wanda daga baya ya shahara kan ciwon gaɓoɓi. Ɗumin ruwan yana sassauta jijiyoyi da gaɓoɓi, amma yawancin warakar da aka riƙa jingina wa shansa talla ce kawai.

Sarkin Habasha Haile Selassie ya yi zaman gudun hijira a garin daga 1936, a gidan Fairfield, wanda daga baya ya ba garin kyauta.

A 1978 wata yarinya ta rasu sanadiyyar wata ƙwayar cuta da ke cikin ruwan, aka hana wanka. Sai a 2006 aka buɗe Thermae Bath Spa, inda ake jawo ruwa ta sababbin rijiyoyin burtsatse a tace shi. Tsohon tafkin Romawa yanzu na kallo ne kawai. Ruwansa ya yi kore saboda gansakuka, tun da rufin da ke tare masa rana ya daɗe da faɗuwa.

Hukumar UNESCO ta sa Bath cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, ta sake sa shi a 2021 tare da wasu garuruwan ruwan magani goma na Turai. Daga arewacin garin tuddan Cotswolds ke farawa, ƙasar kiwon tumaki da ƙauyuka masu gidajen dutse.